Rabon Sarkin Ruwa: Tunawa da Malam Tanko Mai Renon Kifi

Shekara tara ke nan da Allah ya karɓi ran Malam Tanko, amma har yau idan motar masu kawo kifi ta tsaya a ƙofar maƙwabcina a Hyattsville, ƙarnin ya bugi hancina, sai in ji tsokana ta zo mini baki, in waiga in ga babu wanda zan yi wa. Ni ɗan mahauta ne, shi ɗan masunta, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wasan da ke tsakanin gidajen nan biyu. Ina ce masa mai ƙarni, yana ce mini mai ƙuda. A haka muka ƙare zamanmu a ƙasar nan, kuma ban sake samun wanda nake jin daɗin yi wa rashin kunya kamarsa ba. Ina kewarsa ƙwarai. Tunda kuma yau gaskiya na zauna rubutawa, har yanzu akwai sauran haushinsa a raina.

Mutumin wani ƙauye ne a bakin kogin Kwara, ƙasar Yawuri. Cacar biza ce ta kawo shi Amurka a farkon shekarun dubu biyu, shi da matarsa Inna Kulu, gemunsa ya riga ya fara furfura. Kamar yawancinmu, tasi ya fara ja a Washington, kuma ban taɓa ganin wanda tuƙi bai karɓa ba irinsa. Mutumin da yake gane hanya a tsakiyar kogi, sai ga shi yana ta kewaya shataletale ɗaya, fasinja a baya yana zage-zage. Wani maƙwabcinsa ɗan Ghana ne ya gaya masa ana neman mai wanke tankuna a wata gonar ƙyanƙyasar kifi can kudancin Maryland. Aikin bai kai tasi samu ba, ga nisa daga Landover inda yake haya. Bai yi shawara da kowa ba ya karɓa. Ya ce mini shi dai a bar shi ya riƙa jin hannunsa cikin ruwa.

Kifin da suke reno a wurin ba irin namu ba ne. Turawa suna ce masa sitajin, shi kuwa Malam Tanko mai sulke yake kiransa, saboda ba shi da ɓawo irin na karfasa, sai jerin ƙasusuwa masu tauri a gadon baya da gefe. Hancinsa dogo ne, da gashin baki a ƙasa, bakin kuma babu haƙori ko ɗaya. Yana daɗewa a duniya kamar mutum, kuma macensa takan haura shekara goma kafin ta fara ƙwai. An ce a da kogunan yankin nan cike suke da shi, har aka kama shi aka kusa ƙarar da shi saboda ƙwan nasa da masu hali suke ci. Shi ya sa doka ta hana kowa riƙe shi, mai rai ko matacce. Aikin gonar shi ne ta reni 'ya'yan kifin tun suna kamar yatsa, ta maƙala wa kowanne alama mai lamba, ta zuba su a wani tafki da aka datse, a ga ko za su kama ƙasa su yi zuriya.

Na samu abin tsokana na shekaru. Nakan ce masa masunci ya koma yi wa kifi raino, yana ba shi abinci yana share masa kashi, kakanninsa na can suna jin kunya. Sai ya yi murmushi ya ce ni dai yanka kaɗai na iya. Amma wata rana ya gaya mini da gaske cewa shekarar farko ta ba shi wuya. Duk iliminsa na kama kifi ne, bai san komai game da raya shi ba. Shugabar wurin, wata Baturiya da suke kira Madam Helen, ita ta koya masa auna ɗumin ruwa da iskar da ke cikinsa, da yadda ake ɗaukar kifi ba a ji masa ciwo ba. Ya koya kamar ɗalibi, bai ji nauyin furfurarsa ba. Koriyar rigar aikin da suka ba shi kuwa, Inna Kulu ta ce ita kanta ba ya yarda ta goge masa, da hannunsa yake gogewa.

Akwai wasu manyan matan kifin a tankunan ciki da ya tarar tun zuwansa, yake kula da su kullum. Madam Helen ta ce musu tana sa rai idan sanyin shekara mai zuwa ya wuce za a samu ƙwai daga ɗayarsu, abin da gonar ta daɗe tana jira. Malam Tanko ya ɗage tafiyarsa gida saboda wannan. Ya ce mini shi ba ya roƙon Allah wani abu a Amurka illa ranar da za a ɗebi ƙwan nan ya kasance hannunsa yana cikin hannuwan da suka riƙe uwar. Wannan aikin shi ne duk abin da ya samu a ƙasar nan da ya ji nasa ne.

Mu muka naɗa shi Sarkin Ruwan Landover, da wasa, a bakin masallaci. Sunan ya bi shi, har dattawa suka kama. Ba mu yi tunanin akwai wanda zai ɗauki sarautar da gaske ba. A wajen masuntan bakin Kwara, babban kifi ba ya shiga gidan wanda ya kama shi sai an fara kai shi ƙofar sarkin ruwa, ya cire rabonsa, ya sa albarka. Kuma masunci ba ya mayar da abin da Allah ya maƙala a ƙugiyarsa, balle idan matarsa tana jego. A ganinsu wannan butulci ne.

Akwai wani mutum a labarin nan da zan kira Isuhu, ko da yake ba sunansa ba ne. Ɗan Gaya ne ta Nijar, shi ma gidan masunta ya fito, tasi yake ja. Bizarsa ta daɗe da ƙarewa, lauya yana ta fama da maganar takardunsa, kuma lauyan ya gargaɗe shi cewa ko ƙaramin laifi ya shiga sunansa, jirgi ne. Ya ɗauki Malam Tanko uba. Malam Tanko ne ma ya nuna masa tafkin, domin an yarda a kama tarwaɗa da sauran kifaye a can idan mutum yana da lasin. Akwai alluna a bakin ruwan da hoton mai sulke, da gargaɗin a mayar da shi idan ya ci ƙugiya. Da Ingilishi da Sifaniyanci aka rubuta, Isuhu kuwa karatunsa na Faransanci ne. Amma ni na san ko da Hausa aka rubuta, ba zai shiga kansa ba cewa ana kama kifi a sake shi.

Matar Isuhu ta haihu bayan dogon jira, 'ya mace, a tsakiyar zafi. Ana gobe suna, bayan azahar, na je Landover da motar da nake rabon nama don mu daidaita maganar rago da Malam Tanko, tunda shi ne uban taro. Muna tsaye a wurin ajiye motoci sai ga tasin Isuhu ta shigo da hon, wasu 'yan garinsu da wani dattijo, Alhaji Mamman, suna biye da shi suna dariya. Ya fito wandonsa jiƙe, ya ɗaga but ɗin motar. A ciki akwai bahon roba da ɗan ruwa, da wani abu naɗe da jiƙaƙƙen bargo, wutsiyar ta lanƙwashe don wurin bai ishe ta ba. Ya yaye bargon, ya durƙusa, ya jinjina hannu.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa. Ga abin da Allah ya ba mu albarkacin jikanyarka. Da rai na kawo ma shi. A cire rabo, a sa muna albarka."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Malam Tanko bai kalli Isuhu ba, kifin yake kallo, da 'yar alamar nan mai ruwan ɗorawa da ke maƙale a gindin fiffikensa. Tsawon kifin ya kai ƙirjina. Ya sunkuya ya sa hannu a kunnen kifin, inda yake shaƙar ruwa, ya ji yana motsi a hankali. Ni kuma na ɗaga kai na ga maƙwabta sun fara leƙowa ta baranda, wata mata tana riƙe da waya. 

"Rufe but ɗin nan," in ji Malam Tanko, murya ƙasa-ƙasa. "Isuhu, wanga kifi in an gan shi hannunka, kai da ɗiyarka sai a hoto."

"Mi na yi, Baba? Ina da lasin. Ba sata na yi ba."

Da aka yi masa bayani, dariyar kowa ta ɗauke. Alhaji Mamman ne ya fara magana, ya ce abin ai mai sauƙi ne: ga Sarkin Fawa, wato ni, da wuƙaƙe a mota, a shiga da shi ciki a daddatsa, gobe mai jego ta sha romo, ƙasusuwa su bi shara. Na goyi bayansa nan take, kuma har gobe ina ganin shawara ce ta hankali. Wani ya ce to a mayar da shi tafkin a lallaɓa a sake shi. Malam Tanko ya girgiza kai. Ya ce ƙugiyar ta shige ciki, kifin ya galabaita, ruwan tafki kuma ya yi ɗumi, kafin la'asar zai taso ciki sama. Wuri ɗaya ne zai rayu, tankin gona, mai ruwan sanyi da iskar da ake hura masa.

Na ja shi gefe na ce, "Sarkin Ruwa, ka san in ka shiga da shi can sai an tambaya daga ina ya fito."

"Ni za su tambaya," ya ce. "Da hannuna na sa mishi alamar nan yana kamar tsawon kamu ɗaya. Ba a yanka shi gabana."

Ya juya ya ce wa Isuhu ya tafi gida, ya wanke but ɗinsa, kada ya kira shi a waya, kada ya sake zuwa tafkin. Da kakkausar murya ya faɗa, a gaban mutane. Wanda bai san masunta ba ba zai gane girman abin ba. An kawo wa sarkin ruwa rabo ya ƙi sa albarka, ya ƙwace kifin gaba ɗaya, ya kori mai shi kamar yaro, ana gobe sunan 'yarsa ta fari. Na ga idon Isuhu ya kaɗa ya yi ja. Alhaji Mamman ya kakkaɓe rigarsa ya ce aikin Turawa ya shiga kan wasu har sun fi son kifi da mutum.

Muka juye babban bahon da nake zuba nama, muka ɗauraye. Ruwan famfo ba ya yi, maganin da ke cikinsa yana kashe kifi, sai da muka kwashe jarkokin ruwan sha na wani kanti a bakin hanya, muka haɗa da ƙanƙarar da ke motata. Malam Tanko ya zauna a ƙasa a bayan mota, inda babu kujera, ya rungumi kifin cikin baho, yana kamfatar ruwa da kwano yana zuba masa a kunne. Ni kuma na kama sitiyari. Muka hau babban titin da ya zagaye Washington, muka tarar da cunkoso, motoci suna jan ciki. Duk tsayawar da na yi sai ruwa ya fantsama. Ina tambayarsa ko yana numfashi, yana ce mini in duba gabana.

Mai karatu ya tuna shekarun da ake ciki, lokacin da ake yi wa Musulmi kallon zargi a ƙasar nan. Mota ce mai rubutun Larabci a jiki, da maza biyu masu gemu, ɗaya a ɓoye a baya, ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin ƙofa. Mun bar cunkoson ke nan mun miƙi hanyar kudu na ga motar 'yan sanda a madubi. Ta bi mu tsawon lokaci ba ta wuce ba. Na karanta duk abin da na haddace. Da fitilar ta kunnu, na ce masa da Hausa ya rufa wa kifin bargo, in ce nama ne yake narkewa. Bai rufa ba. Ɗan sandan ya sa na buɗe baya, hannunsa a ƙugu, ya tarar da dattijo jiƙe sharkaf rungume da wata halitta mai sulke. Malam Tanko ya miƙa masa katin aikinsa da hannu ɗaya, ya ce da ɗan Ingilishinsa kifin gonarsu ne, ba shi da lafiya, idan aka daɗe zai mutu. Mutumin ya daɗe yana kallon kifin. Ya rubuta sunan da ke katin da lambar motata, ya ce mu tafi a hankali. Na ji sanyi a raina, amma na san daga lokacin babu sauran ɓoyo, maganar ta shiga hannun hukuma.

Madam Helen ta iso gonar da kayan zaman gida, don ranar hutu ce. Ba ta tambayi komai ba sai da aka sa kifin a tanki, aka zare ƙugiyar, aka buɗe masa iska. Ya kwanta a gefe ɗaya kamar ya gama. Su biyun suka tsaya cikin ruwa har ƙugu, suna riƙe da shi suna fuskantar da shi inda ruwa yake shigowa. Ni ina bakin tanki ina lissafin yadda za ta kaya idan ya mutu a hannunmu bayan duk wannan. Rana ta yi sanyi sosai kafin ya kaɗa wutsiya, ya miƙe, ya zame daga hannunsu ya nutsa. Malam Tanko ya yi hamdala, ya fito yana rawar ɗari. Sai ta tambaye shi inda ya samo shi.

Ya ce wani ne ya kama shi bisa rashin sani, ya kawo masa har gida. Ta ce wane ne. Ya ce ba zai faɗa ba. Matar nan ba muguwa ba ce, na ga yadda abin ya dame ta. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla: dole ta kai rahoto ga jami'an kula da namun daji, akwai masu satar irin kifin nan don ƙwansa, kuma idan ma'aikacin da ya san inda aka zuba su ya ƙi faɗin wanda ya kama, shi za a zarga. Ta ce idan kuskure ne, mai yiwuwa tara kawai za a ci mutumin. Ba ta san cewa ga wanda ba shi da takarda, tara da kora duk ɗaya ba ne. Na ce masa da Hausa ya ce a bakin ruwa muka tsince shi, magana ta mutu.

"Ita ta koya mini aikin nan, Sarkin Fawa," ya ce. "Ba ni yi mata ƙarya. Shi kuma ba ni ba da shi."

Washegari ya je suna da babbar rigarsa, ya zauna inda uba yake zama, ya yi addu'a. Mutane suka amsa sama-sama. Isuhu bai haɗa ido da shi ba. Abin da Malam Tanko ya gaya wa jama'a shi ne kifi ya rayu, magana ta wuce, a ci abinci. Ni kaɗai na san ba ta wuce ba.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Jami'ai suka kira shi suka sake kira. Suka zo Landover suka buɗe firizar Inna Kulu, tana tsaye tana kuka. Ni ma sun same ni a shago, kuma Ingilishin da nake ciniki da shi kullum ya gudu ya bar ni ranar, ban gane ko tambaya ɗaya ba.  Na roƙi Malam Tanko, na yi masa faɗa, na ce yana da mata, yana da shekaru, ƙwan da yake jira saura 'yan watanni. Na ce aƙalla a gaya wa Isuhu halin da ake ciki, ya san abin da ya jawo. A nan ne ya kama hannuna ya sa na rantse ba zan gaya masa ba sai ranar da ya zama ɗan ƙasa. Ya ce ya san yaron, zuciyar masunta gare shi, idan ya ji da ƙafarsa zai kai kansa, a raba shi da jaririyar.

Ba su same shi da laifi ba, amma ba su bar shi a wurin ba. Aka ce ba za a iya barin makullin tankuna a hannun wanda ya ƙi ba da haɗin kai ba. Ya ninke koriyar rigar ya mayar musu, da katin. A masallaci ya ce kwangilarsa ce ta ƙare, kuma dama tsufa ya kama shi. Aka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, wasu kuma suka ce a bayan idonsa ga sakayyar wanda ya fifita Turawa. Ya koma tasi, ya koma ɓata a shataletale. Na lura ya daina gyara gemunsa, kuma idan na ce masa mai ƙarni sai ya yi murmushi kawai, ba ya ramawa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Da sanyi ya wuce aka samu ƙwan, babu shi. Madam Helen ce ta kira shi ta gaya masa. Da 'ya'yan suka yi ƙwari aka sa ranar zuba su a tafki, aka gayyaci jama'a, ya ce in kai shi. Muka tsaya bayan igiya tare da 'yan kallo. Tana hango shi ta tsallako da bokiti ta miƙa masa. Ya tuɓe takalmi ya shiga ruwa, ya karkata bokitin a hankali har ruwan biyu suka gauraya, kamar yadda ta koya masa, 'yan kifayen suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a tsaye bayan bokitin ya zama wayam. A hanyar dawowa haƙurina ya ƙare. Na ce masa ya zubar da aikinsa saboda kifi ɗaya da mutumin da ko gaishe shi ba ya yi.

"To, Sarkin Fawa," ya ce, yana kallon waje. "Duka biyun dai suna numfashi."

Bai yi nisa ba bayan wannan. Zuciyarsa ce ta tsaya yana cikin tasi, a layin jiran fasinja, da rana tsaka. Isuhu ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya tafi kafin a gama gaisuwa. Inna Kulu ta koma Yawuri bayan takaba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Bayan rasuwarsa an sa mai sulke cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, doka ta ƙara tsanani, kuma na san wannan zai yi masa daɗi. Madam Helen ta yi ritaya, gonar ma na ji an sauya mata tsari, ban san me ya samu kifin da muka ɗauko a motata ba. Tunda masu tsawon rai ne, babu mamaki yana can ƙasan ruwa har yanzu. A ɗaya gefen kuma, zaman marasa takarda ya ƙara wuya, mutane suna tsoron buɗe ƙofa idan an ƙwanƙwasa. Ina jin da yana nan, da zai dube ni ya ce ka gani ko. Ni kuma da zan ce masa har yanzu ban yarda cewa dole ne sai shi ya biya ba. Da mun yanka kifin nan, da ya riƙe uwar ƙwan da hannunsa, da wataƙila bai mutu a kujerar da ya tsana ba. Haka nake gani, kuma ba na jin zan sauya. Amma na san ni ban taɓa riƙe amana biyu masu karo da juna na ƙi sakin ko ɗaya ba. Shi na gani ya yi, kuma ban sake ganin wani ba.

Watan jiya Isuhu ya shigo shagona da fara'a, ya ce ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, yana son rago na walima. Yanzu motocinsa ne wasu suke ja, ya sayi gida a Mitchellville. 'Yar tasa tana tare da shi, ta yi tsawo, na gaishe ta da Hausa ta amsa mini da Ingilishi. Muna cikin hira sunan Malam Tanko ya faɗo.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji shi. "Amma wulaƙancin da ya yi mini ranar nan, har gobe ban gane mi na yi mishi ba."

Rantsuwata ta sauka a ranar, amma yarinyar tana tsaye, ga masu saye a layi. Na ɗaure masa namansa ya tafi. Na san yana karanta shafin nan da nake rubutawa, don shi yake fara kirana idan na yi kuskure, shi ya sa na zaɓi in faɗa a nan, inda waɗanda suka zagi mamacin su ma za su gani.

Isuhu, ba kwangila ce ta ƙare ba. Sunanka aka nema, aka sake nema, aka ce ya faɗa ya ci gaba da aikinsa. Ya ƙi. Korar da ya yi maka a gaban mutane, don ka yi nisa da kifin ne kafin wani ya ɗauki lambar tasinka. Duk shekarun da ka yi kana kwana a gida ɗaya da 'yarka, da aikinsa aka saya maka su, kuma shi ya hana a gaya maka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan je kabarinsa. Idan za ka, ka zo da yarinyar.